Wa Ya Cancanci A Aike Shi Binciken Aiki?

Tun farkon Musulunci aka san cewa wanda aka damƙa wa amanar jama'a lalle ne a yi masa muhasaba, domin kuwa da daula ta yalwata a zamanin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, sai ya keɓe Muhammadu ɗan Maslama, ya riƙa aika shi ya dubo al'amuran gwamnoni, har ya tura shi Kufa kan sha'anin gwamnanta Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Ga sahabbai birjik a Madina, amma Umar ya zaɓi wanda ya tabbata kwarjinin gwamna ba zai sa ya sassauta ba.

A zamaninmu hukumar tsara ƙa'idojin inganci ta duniya, wato ISO, ta tsara fannin binciken aiki cikin ƙa'idarta mai lamba 19011, wadda ta fara fitowa a 2002, aka sabunta ta a 2011 da 2018, kuma hukumar SON ta Nijeriya tana aiki da irin waɗannan ƙa'idoji. Binciken da ake nufi ya zarce ƙidayar kuɗi, domin ana duba ko abin da ma'aikata ta rubuta za ta yi shi ne take yi a zahiri. Sharaɗi mafi nauyi shi ne kada mutum ya binciki aikin hannunsa, kuma ko sashe na 125 na tsarin mulkin 1999 ya hana kowa juya akalar Babban Odita na jiha saboda wannan dalili.

To, nan fa wuyar take a gari kamar Wonaka, ko ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, inda auratayya da maƙwabtaka suka sarƙe mutane, har ya zamana idan ƙungiyar manoma ta so a duba yadda aka raba taki, ko kwamitin zakka ya so a bi sawun hatsin da aka tara, da wuya a sami mai ilimin abin wanda ba surukin ma'aji ba ne ko abokin karatunsa na allo. Alkunya halin kirki ce, amma ba ta da gurbi a wannan aiki. A ganina mafita ita ce a gauraya ayarin masu binciken: shugaba ya zo daga waje, mutum mai natsuwa da sanin makamar aiki, sa'an nan a haɗa shi da masanin fannin, da ɗan gari mai nuna hanya wanda ba ya sa baki cikin hukunci, da matashi guda mai koyo.

Kafin su tashi, wajibi ne shugaba ya tara su, ya bayyana musu iyakar binciken da mizanin da za a auna da shi, su nazarci daftarori da rahoton baya, kowa ya san sashensa. A yanke rana gwargwadon halin hanya da tsaro, a kauce wa ranar kasuwa da lokacin girbi. A kuma gargaɗe su da riƙe sirri, da ƙin karɓar kyauta ko da buhun gero ne, da cewa ba a rubuta zargi sai da hujjar da wani zai iya komawa ya gani da idonsa.

Shugabannin ƙungiyoyi da hukumomi, idan za ku naɗa masu bincike, ku fara tambayar kowannensu alaƙar da ke tsakaninsa da waɗanda zai bincika, ku rubuta amsar kafin ku ba shi takarda.