Hannu Ba Ya Koyo Da Gaggawa: Yadda Yaranmu Ke Zama Gwanaye A Gareji

Duk wanda ya ratsa Kpangalam a Sokode, ko ya bi babbar hanyar da ta taso daga Lome ta wuce Dapaong, zai ga garejin babura da rumfunan walda cike da yara. Da yawansu namu ne, 'ya'yan Zango. A nan ake koyon sana'a, babu allo, babu alli.

Yaro sabon zuwa ba ya taɓa inji. Aikinsa shara, wanke ƙarafa da fetur, da miƙo sifana. Wasu iyaye na ganin wannan bauta ce, amma a nan ido ke sanin lamba 10 da lamba 14 tun kafin hannu ya kai. Daga nan sai faci, juyen mai, goge fulogi, wanke kafireto. Sai an daɗe kafin maigida ya bar shi ya buɗe injin Haojue shi kaɗai. Mafi wuya shi ne kunne: a tada babur, ka ji ƙararsa, ka faɗi ciwonsa. Haka ɗaure noti: ya yi sako-sako ya kwance a hanya, ya yi tsauri ya cinye zare. Wannan ma'auni a tafin hannu yake zama, ba a baki ba.

A Togo koyon yakan ɗauki kamar shekara 3. Akwai kwantaragi tsakanin iyaye da maigida, akwai jarrabawar gwamnati ta kammala koyo da ake kira CFA (ba kuɗin sefa ba!), sannan bikin yaye.

To ina matsalar? Mu 'yan kasuwa ba mu da haƙuri. Yaro ya yi shekara guda, ya iya faci, sai a ce ya dawo tsaron shago, ko ya hau babur ya shiga haya. Ya tashi tsaka-tsaki: shi ba makanike ba, shi ba ɗan kasuwa ba.

Don haka, Alhaji, kafin ka damƙa ɗanka, je ka zauna a garejin yini guda. Duba ko manyan yara na riƙe sifana, ko aike kawai ake yi da su. Tambayi yara nawa maigidan ya yaye, kuma ina suke yanzu. A rubuta kwantaragi, a sa shaidu. Hajiya kuma ta kula da kuɗin kokonsa na safe, don yunwa na korar yaro daga sana'a fiye da faɗan maigida.

Jari na iya karyewa a dare ɗaya. Abin da hannu ya iya kuwa, ko kwastan ba ya ƙwace shi a iyaka. Allah ya yi wa zuri'a albarka.