Karatun Taro: Amfanin Ƙungiyar Masu Karatu

Ana yawan kukan cewa matasa sun bar karatun littafi, ana ɗora laifin a kan waya da finafinai. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan, amma abin da ya fi yin rauni shi ne zaman da ake yi a kan littafi. Littafi yana daɗewa a hannun jama'a ne idan akwai inda ake haɗuwa a karanta shi, a yi muhawara a kansa, wannan ya ara wa wancan. Shi ya sa ƙungiyar masu karatu, wato mutum takwas ko goma da suka amince su karanta littafi guda sannan su zauna su tattauna shi, ta cancanci mu ɗauke ta da muhimmanci.

Wasu na ganin wannan ɗabi'ar Turawa ce, alhali a ƙasar Hausa karatu da ma na taro ne. A karatun zaure, ɗalibi ɗaya ke jan Ahalari ko Iziyya ko Risala, malam yana fassara, sauran suna saurare suna ƙaruwa tun kafin layi ya zo kansu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji, wato matan da ke jagorantar tsarin, ke koyon waƙoƙinta na ilimi su kai wa matan karkara. Da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, mai iya boko ɗaya kan karanta wa jama'a da dama. Haka kuma adabin kasuwar Kano ya bunƙasa a shekarun 1980 da 1990: marubuta suka haɗa kai a ƙungiyoyi irin su Raina Kama, inda Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suke, masu karatu kuma suna karɓar haya a shago, littafi guda ya zaga gidaje har bangonsa ya cire.

Ƙungiya tana ba mai karatu abubuwa uku da zai yi wuya ya samu shi kaɗai. Na farko wa'adi: wanda ya san ranar Asabar za a tambaye shi ra'ayinsa ba zai ajiye littafi a rabi ba. Na biyu sauƙin kuɗi, domin idan aka yi karo-karo kamar adashe, kuɗin littafi ɗaya ne zai kai kowane mutum ga littattafai goma. Na uku, wanda ya fi su girma, shi ne jin fahimtar wani. A ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat, labarin maigidan da ya wofintar da uwargidansa da 'ya'yansa. Abin da budurwa za ta gani a ciki daban ne da na matar da ta riƙe gida shekara ashirin, daban kuma da na magidanci. Ko Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa: wani tarihin cinikin bayi zai tsaya masa a rai, wani kuwa halin uwar da ta fita neman ɗanta. Idan aka jera waɗannan fahimtoci, kowa zai koyi kafa hujja daga abin da ke rubuce, ya kuma saba da jin saɓanin ra'ayinsa ba tare da ɓacin rai ba.

Za a ce ai ga zaurukan WhatsApp inda ake sakin labarai kullum. Sun yi rana, musamman ga matan da fita ke yi musu wuya, kuma ƙungiya za ta iya zama a can. Sai dai yawancinsu wurin raba shafuka ne da roƙon ci gaba, ba kasafai ake tsayawa a auna littafi bayan an gama shi ba. Iyaye kuma na fargabar littattafan da ke ɓata tarbiyya. Wannan fargaba hujja ce ga ƙungiya, domin abin da yarinya ta karanta a ɓoye babu mai gyara mata fahimtarsa, amma wanda aka karanta tare da malama ko yaya akwai mai cewa nan marubuci ya kauce. Haɗarin da ya fi zama gaskiya shi ne mai baki ɗaya ya mamaye zama, ko hira ta koma gulma. Maganinsa shi ne a riƙa karɓa-karɓar jagoranci, kowa ya zaɓi littafi idan layinsa ya zo, a kuma fara jin ƙarami kafin babba.

Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, da bikin littattafan Hausa na HIBAF da aka soma a Kaduna a 2021, sun nuna cewa marubuta ba su ƙare ba. Amma gasa da biki sau ɗaya suke zuwa a shekara, marubuci kuwa yana buƙatar masu karatun da za su saya, su soki aikinsa da ilimi a kowane wata. Wannan aiki ba ya jiran gwamnati. Malamin makaranta da ɗalibansa, matan Islamiyya bayan darasi, ko samarin majalisar unguwa, duk za su iya farawa da littafi ɗaya da rana ɗaya tsayayya a wata.