Yoyon Mai a Ƙarƙashin Kat-Kat

Duk wanda ya keta yashin ƙasar Kurfai daga Filinge zuwa Abala ya san fa'idar mota kat-kat, wadda akwatin da ke bayan giyarta yake raba ƙarfin inji tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Idan ƙura ta cinye zoben robar da ke tsare mansa har ya soma ɗiga, bakanike yakan tsiyaye man, ya yi wa sandar da ke juya ƙafafun alama kafin ya kwance ta, ya zaƙulo tsohon zoben, ya shafa wa sabon mai, ya buga shi sannu har ya zauna daidai. Wajibi ne kuma ya duba kafar shaƙar iska ta akwatin, domin in ta toshe, yoyon zai dawo.