Me Ya Sa Likitan Haƙori Ke Rufe Fuska Ga Kowa?

A filin lafiya na wannan mako mun taɓo wani ƙorafi da ake ji a Nima da Maamobi: mutum ya je cire haƙori lafiyarsa lau, amma likita ya sa safar hannu, ya ɗaura takunkumi, har da tabarau, ana ta jero masa tambayoyi kamar mai muguwar cuta. Wasu har fushi suke yi.

To, ba raini ba ne. Mai tari da zazzaɓi ai an gan shi. Wanda ake tsoro shi ne mai ɗauke da ƙwayar cuta bai sani ba. Korona ta nuna mana haka tun da ta shigo Ghana a watan Maris na 2020, amma wanda ya daɗe tare da mu shi ne ciwon hanta nau'in B. Mutum na iya yin shekaru da shi, yana kasuwancinsa, ko idonsa bai canza ba. Aikin haƙori kuwa ba ya rabuwa da jini da yawu, ga injin huda haƙori yana fesa su, fuskar likita na dab da bakinka.

Idan allurar da aka yi wa mai wannan ciwo ta soki ma'aikacin da bai yi rigakafi ba, haɗarin kamuwa na iya kaiwa kashi 30 cikin 100. Na ƙanjamau kuwa kusan 3 ne cikin 1,000. Kuma ƙwayar takan kwana 7 a busasshen jini ba ta mutu ba. Shi ya sa, a ganina, an fi mantawa da mai kwashe allurai da wanke kayan aiki bayan an sallame ka, alhali hannunta ne a cikin haɗarin. Wanzamanmu na zango ma su saurara, aska ba ta san mai lafiya ba.

Sai a 2002 Ghana ta sa rigakafin wannan ciwo cikin allurar jarirai. Ke nan yawancin manya, majinyata da ma'aikata, ba su samu ba sai wanda ya nema da kansa. Allura uku ce cikin wata shida, bayan gwajin jini. A tambaya a asibitin Maamobi ko Korle Bu.

Wanda kuma ya san yana da shi, don Allah ya faɗa wa likita kafin ya buɗe baki. Faɗar ba ta hana a yi masa aiki.