"Anti, Ki Rufa Mini Asiri": Tsaka Mai Wuyar Masu Kula da Yaran Aikatau

'Yan'uwana 'yan mata, da yawanku kun san yaran nan da ake kawowa aikatau daga ƙetaren iyaka, daga Jamhuriyar Benin, Togo ko ƙauyukan Nijar. Wata ko shekara 10 ba ta cika ba, amma ita ce wanke-wanke, ita ce raino, kuɗin aikin kuwa dillaliya ke amshewa. Ni aikina kula da irinsu ne idan an ceto su, yau kuma zan gaya muku inda gizo ke saƙar.

Doka dai akwai ta. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991. A 2003 aka kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, dokar 2015 kuma ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. To amma doka a takarda take, yarinya kuwa ga ta nan gabanki tana sharɓar kuka.

Matsala ta farko ita ce amana. An taɓa kawo mini wata 'yar shekara 13, bayanta duk tabon wayar wuta. Sai da muka yi mako biyu kafin ta faɗi abin da maigidan yake mata idan uwargida ta fita unguwa. Tana gama faɗa ta riƙe mini hannu, "Anti, ki rufa mini asiri." In na yi shiru, akwai wata ƙarama da ta rage a gidan. In na tona kai tsaye, ba za ta sake yarda da kowa ba. Shi ya sa ba ma alkawarin rufe komai. Cewa na yi, "Ƙanwata, wanda zai kare ki kaɗai zan gaya wa, kuma sai kin sani kafin in faɗa."

Ta biyu ta fi ɗaure kai: a mayar da ita gida, ko kuwa? A 2003 an mayar da yaran Benin da dama da aka samu suna fasa dutse kusa da Abeokuta. Amma fa sau da yawa iyayen ne suka miƙa yaro saboda talauci, suka karɓi 'yan kuɗi. A mayar da yarinya ba bincike, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. A riƙe ta kuma, an raba ta da uwarta da harshenta. Yarjejeniyar ta ce a duba abin da ya fi alheri ga yaro, a kuma saurari ra'ayinsa. To ya za a yi in abin da take so shi ne zai cutar da ita? Nan sai an binciki gidan nasu, an nemi dangi na gari, an kuma ci gaba da leƙa ta.

Ga batun tafinta. Mai jin yarenta a gari wataƙila ɗan'uwan dillaliyar ne, zai iya juya zance ko ya tsorata ta. Dole a samo wanda ba ruwansa da su.

Don haka 'yar'uwa, in akwai irin wannan yarinya a maƙwabta, ja ta a jiki. In ta gaya miki damuwarta, kada ki rantse za ki ɓoye, kada kuma ki tunkari masu gidan ke kaɗai. Sanar da malamarki ko ofishin jin daɗin jama'a. Ita ma 'yar wata ce, uwarta na can tana zuba ido.