Hasken Tsakar Gida: Abin Da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Sayi Fitila

A gidaje da yawa, hasken tsakar gida bai wuce ƙwan fitila ɗaya da aka maƙala a saman ƙofar ɗaki ba. Wanda ya samu hali kuma sai ya sayo ƙatuwar fitilar sola ya kafa a kan katanga, ya ce an gama. Amma a tsakar gida ake girki, a nan ake alwala, a nan ake shimfiɗa tabarma idan zafin Afrilu ya kori kowa daga ɗaki. Kowanne daga cikin waɗannan da irin hasken da yake so.

Daga ina za ku fara?

Ku zagaya gidan bayan sallar isha'i da tocila a hannu. Duk inda kuka ji dole sai kun haska kafin ku taka, wurin yana neman fitila: hanyar makewayi, bakin rijiya ko famfo, matakala, gefen kwata, ƙofar zaure, turken awaki, da lungun da ake jibge itace, inda kunama ke son fakewa.

Daga nan sai ku kasa wuraren. Akwai wurin aiki, kamar murhu da wurin wanke-wanke, wanda ke son haske sosai. Akwai hanya, wadda ɗan haske ya ishe ta. Akwai wurin zama a rumfa ko baranda, inda ake son haske mai laushi. Sai ƙofar gida da bayan ɗakuna, inda tsaro ne abin lura.

Me ya sa babbar fitila ɗaya ba ta wadatarwa?

Saboda yadda Allah ya halicci ido. Idan haske mai ƙarfi ya doki fuska, ƙwayar ido tana tsukewa, sai duk abin da ke cikin inuwa ya ƙara yin baƙi. Shi ya sa gidan da aka kafa wa fitila mai kashe ido yakan kasance bayan tanki da gindin darbejiya sun fi da duhu. Mai girki kuma, idan fitilar tana bayanta, inuwarta ce za ta rufe tukunyar.

Akwai kuma batun sutura. Tsakar gida wurin sakewar iyali ne. Fitilar da aka ɗaga sama da katanga tana nuna cikin gidanku ga mai bene a maƙwabta, tana kuma watsa haske cikin tagar maƙwabcin da ke son barci. A ganina ƙananan fitilu huɗu ko biyar masu kallon ƙasa, a tsayin ƙafa 7 zuwa 8, sun fi babba ɗaya amfani nesa ba kusa ba. Ku zaɓi masu hula a kai, wato murfin da ke hana haske tashi sama. Idan kuna son ado, ku haska bango maimakon fili. Farin bango yana maido da haske a hankali, kuma idan akwai zanen dagi a jikinsa, hasken da ya zo daga gefe ne ke fito da shi.

Me lambobin jikin kwali ke nufi?

Uku ne masu muhimmanci. Na farko wat, wanda ake rubutawa da W. Shi ne yawan wutar da fitila ke sha. Na biyu lumen, ana rubuta shi lm, shi ne yawan hasken da take bayarwa. Mutane sun saba tambayar mai shago wat, alhali lumen ya kamata a duba. Tsohon ƙwai mai zare a ciki na wat 60 yana ba da lumen kusan 800. Ƙwan LED, irin na zamani da ba ya zafi sosai, yana ba da wannan hasken da wat 9 ko 10 kacal. Lumen 800 ya dace da murhu. Wurin hira zai wadatu da rabin haka, hanya kuwa 100 zuwa 200 ya isa.

Ku yi hattara da fitilun sola da ake rubuta wa wat 300 ko 500 alhali faifansu bai kai faranti ba. Lambar talla ce kawai.

Na uku kelbin, harafin K, wanda ke nuna launin haske. Mai 2700K zuwa 3000K yana da ɗan rawaya-rawaya irin na fitilar ƙwai. Mai 6500K fari ne fat, har da shuɗi-shuɗi, kuma shi ya fi yawa a shagunanmu. Farin ya yi daidai da ƙofar gida da wurin aiki. A wurin zama yana gajiyar da ido, don haka ku nemi mai rawaya.

Ruwan damina da ƙurar hunturu fa?

Fitilar ɗaki ba ta zama a waje. Ku nemi haruffan IP da lambobi biyu a gabansu. Lambar farko tana nuna yadda fitilar ke tare ƙura, ta biyu kuma ruwa. IP44 tana jure fantsamar ruwa, don haka za ta yi a ƙarƙashin rumfa. Wadda za ta tsaya a fili, ruwa da iska su same ta, ta zama IP65: 6 na nufin ƙura ba ta shiga sam, 5 na nufin tana jure feshin ruwa.

Fitila ba za ta tara mana ƙwari ba?

Za ta tara, musamman farkon damina lokacin fitowar shinge. Amma ƙwari sun fi bin farin haske mai shuɗi fiye da mai rawaya. Dabara ita ce kada a rataya fitila daidai saman inda ake cin abinci. A matsar da ita gefe, ƙwarin su taru can. Sauro kuwa numfashin mutum da ɗumin jikinsa yake bi, canza ƙwai ba zai maye gurbin gidan sauro ba.

Sola ko wutar NEPA?

Idan unguwarku ana ɗauke wuta da dare, fitilun hanya da na ƙofa su zama na sola. Faifan yana tara hasken rana a batir, da duhu ya yi fitilar ta kunna kanta. Sai dai a kafa faifan inda inuwar bishiya ko bango ba ta faɗa masa, a ɗan karkata shi ya kalli kudu, a riƙa goge shi lokacin hunturu, domin ƙura tana rage cajin. Batir ne ke fara mutuwa, zafi kuma yana gaggauta mutuwarsa. Kafin ku biya, ku tambayi mai shago ko ana iya buɗe fitilar a canza batir.

Don bayan gida, akwai fitila mai gane motsi. Tana jin ɗumin jikin abin da ya gifta, ta kunna na ɗan lokaci, ta mutu. Tana adana batir, tana kuma ankarar da mai gida. Kada dai ku fuskantar da ita ga turke, in ba haka ba awaki za su kwana suna kunna muku ita.

Nawa zai ci?

Farashin fitila yana canzawa da canjin dala, amma kuɗin wuta kuna iya lissafawa da kanku. Yunit ɗaya a mita shi ne wat 1000 na awa ɗaya. Ƙwai mai wat 10 da ke ci awa 10 kullum yana shan yunit 3 a wata. Tsohon mai wat 60 zai sha 18. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta sa yunit a naira 225 ga masu amfani da wuta 'yan rukunin Band A. A wannan farashin, na farko naira 675 ne a wata, na biyu 4,050. Ku duba rasit ɗin kamfanin da ke ba ku wuta, kamar KEDCO, ko NIGELEC idan a Nijar kuke, ku ga naku farashin.

Wa zai yi aikin?

Fitilar sola mai zaman kanta kowa zai iya ɗaurawa. Amma wutar gida bolt 230 ce, tana kisa, kuma tsakar gida wuri ne na jiƙaƙƙiyar ƙasa da yara marasa takalmi. Ku kira ƙwararren mai wayarin. Ku ce masa waya ta bi cikin fayif ɗin roba, kada a bar haɗi a fili an naɗe da salatif, soket ɗin waje kuma ya zama mai murfi. Ku nemi ya sa na'urar da suke kira RCD, wadda ke yanke wuta nan take idan ta fara bi ta jikin mutum. Sannan kowane sashe a ba shi makunninsa, ɗaya kuma a sa shi cikin ɗaki kusa da ƙofa, don mai fita makewayi da tsakar dare ya kunna kafin ya sa ƙafa waje.