Kacala, Jinga da Ambaliyar Haɗeja

Duk shekara in marka ta kankama a watan Agusta, hankalin mutanen Haɗeja yana komawa kan jinga. A 2022 samari sun kwana suna ɗura ƙasa a buhuna, suna jerawa a bakin gari, fitilar waya a hannu, ruwa kuwa sai ƙara hawa yake. Gonakin shinkafa a Auyo da Miga da Kafin Hausa da Kirikasamma sun nutse, hanyoyi sun yanke, sai da kwale-kwale ake shiga wasu ƙauyukan. Kafin wannan an ga irin wannan ambaliya a 2018 da 2020.

An saba ɗora laifin a kan yawan ruwan sama da sakin ruwan dam. Duka biyun suna da hannu. Amma abin da ya fi sauya halin kogin ba a damina yake faruwa ba, da rani ne.

Kogin Haɗeja haɗuwar kogin Kano da na Challawa ne, daga can saman Wudil. A da yakan cika ya tumbatsa da damina, ya mamaye fadamu, da rani kuma ya ƙafe har a taka yashinsa da ƙafa. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda noman rani da ruwan shan Kano. Kogin ya daina bushewa, kuma babbar cikar da ke wanke hanyarsa ta ragu. Irin wannan ruwa marar zurfi mai tafiyar hawainiya shi kacala ke so. Ciyawa ce da ta fi mutum tsawo, saiwarta ta sarƙe a ƙarƙashi, in an sare ta ta sake tohowa. Tana tare laka, laka ta taru, gindin kogi ya ɗago, hanyar ruwa ta tsuke. Shi ya sa ruwan da a da zai wuce salin-alin, yau sai ya fasa gefe ya shiga gona. A ƙasan Haɗeja wasu rassan sun toshe, ruwan ya karkata ta reshen Marma zuwa wajen Nguru: wasu na kukan ruwa ya ci gonarsu, wasu na kukan bai iso su ba. Masunci ya rasa inda zai jefa koma, ga tsuntsu jan-baki da ke samun mafaka a cikin kacalar yana fitowa ya far wa hatsi.

Jinga tana ceton gari, ba a musu. Sai dai ruwan da aka tare a nan ba ɓacewa yake ba, ƙauyen gaba yake nufa, kuma daga nan ake samun rigima tsakanin maƙwabta kan wa ya tare, wa ya fasa. Sannan jingar da ta hana ruwan kogi shiga, ita ce ke hana ruwan sama fita daga unguwanni, sai an kafa injin zuƙa. Buhu kuma rana ke cinye shi, baɗi a sake sabon lale.

Gwamnatin Jigawa ta sayo injinan yasa masu aiki a kan ruwa, kuma inda aka buɗe hanya manoma sun ga bambanci. Amma a ganina yasa kaɗai ba za ta ɗore ba muddin tsarin sakin ruwa bai canja ba. Madatsun suna Kano, a hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya, ɓarnar kuma tana sauka a Jigawa da Yobe. Masana sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa tsayar da ruwan na wani lokaci da rani don kacala ta bushe a ƙone ta, a kuma rage ruwan dam kafin marka don ya sami wurin karɓar sabo. Kowanne yana da mai jin ciwonsa, musamman manomin rani na Kadawa da tumatirinsa ke jiran ban-ruwa a daidai watannin da ake so a rufe.